Baffa, Tsummansa da Injina

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma ake komawa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talatar makon jiya aka kira Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara tara. An yi masa sutura a Jega bayan azahar, ana ɗan yayyafi. A sahu na uku na tsaya wurin sallar, domin babu wanda ya matsa mini in shiga na farko.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da na ji a zaman makoki ne ya sa na ɗauki biro. Kwana uku ina zaune a bakin tabarma ina sauraron mutane suna ƙera wani Baffa da ban taɓa sani ba. Wani direba ya ce mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na ɗaga kai na dube shi. Wannan direban Baffa ya taɓa watsa wa ruwan wanki, saboda ya ɗora kwanon fura a kan motar da aka gama gogewa. Wani kuma ya ce fuskarsa kullum a sake take. Shekara ashirin da ɗaya na yi ina aiki a gefen fuskar nan, kuma zan iya lissafa ranakun da na gan ta a sake. Wani tsohon ɗan kasuwar albasa daga Aliero ne kaɗai ya faɗi gaskiya. Bayan ya shafa fatiha ya ce, "Allah Shi jiƙan shi. Bai da daɗin baki ko kaɗan, amma in yat taɓa ma mota, ka san an taɓa ta." Aka bi shi da kallo kamar ya yi saɓo.

Ni kuwa, duk wanda ya shigo sai ya bi mutane yana gaisawa a tsanake, in ya zo kaina ya taɓa yatsuna ya wuce. Kowa a Jega ya san shekara bakwai ke nan ba ma ga maciji da mamacin. A ranar farko, babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya sunkuyo kusa da kunnena kamar zai yi mini gaisuwa.

"Mi kaz zo yi, Mai Inji? Rumfar kaz zo dibi? Na sa mata kwaɗo."

Na ce, "Yaya, ubana ne ya rasu."

"Yau kat tuna," in ji shi, ya koma wurin zamansa.

Daga cikin gida kuma ina jin muryar Gwaggo, ƙanwar Baffa, tana magana da ƙarfi yadda za ta tsallake katanga. Ta ce ciwon da ke rubuce a takardar asibiti daban, abin da ya kashe ɗan'uwanta daban, kuma abin da ya kashe shi yana can Aliero an jona shi da janareto. Inna, matar Baffa, wadda ta yi mini wanka ina yaro, ba ta yarda na shiga na gaishe ta ba.

Ba rumfa ta zaunar da ni ba. Ina da tawa. Abu ɗaya ya hana ni tashi daga tabarmar nan: ina son in ji daga bakin wani ko Baffa ya yafe mini kafin ya cika. Na yi masa laifi, na sani. Shi ma ya yi mini, amma shi ne babba, shi ya ciyar da ni, kuma shi ne ya riga ni tafiya. Ba na son in je in same shi da wannan a tsakaninmu.

Ga wanda bai san shi ba, Baffa mai gyaran jikin mota ne da fenti. Rumfarsa tana bakin hanya, ta kwano, da itacen dalbejiya a gefe. Yana buga mota, yana fesa fenti, amma abin da ya yi suna a kai shi ne gogewa. Mota za ta zo ta koɗe kamar an jiƙa ta a toka, ta fita mutum na ganin haƙoransa a jikin ƙofarta. Kwana biyu yake yi a kan mota ɗaya, kuma ko wane ne kai ba zai rage maka rabin yini ba. 'Yan albasa na Aliero da Jiga Birni, in sun sayar da kaya aljihu ya yi nauyi, sukan yi layi a wurinsa, yana zagin su suna dariya.

Ba ya goge mota a rana. Sai an wanke ta sau biyu, ta bushe, an tura ta inuwa. Sannan ya bi ta da bayan hannunsa daga gaba har baya, idonsa a rufe. Ya ce tafin hannu ya mutu da aiki, bayan hannu ne ke jin zafin ƙarfe da ƙwayar yashi. Man gogewa kuwa, kamar ƙwayar gyaɗa yake lakatowa. Tsumma biyu: ɗaya na shafawa, ɗaya na ɗaukewa. Ba ya zagayawa da hannu, a miƙe yake ja, bisa tsawon mota. In ya zo kan gefe ko ƙashin bayan bonet, wato murfin gaban mota, inda ƙarfe ya lanƙwasa, sai ya sassauta kamar mai shafa kan jinjiri. Yakan ce fenti a nan ya fi ko'ina rashin kauri, domin tun wurin fesawa yake gangarewa.

Tsummokaransa su ne dukiyarsa. Ba ya amfani da sabon yadi. Tsohuwar singileti ta auduga yake nema, ko zanen da aka wanke har ya rasa launi. Sau da yawa Inna kan fito neman zanenta a igiya ta tarar babu. Ta leƙo zaure ta ce, "Malam, wanga zane ban gama da shi ba." Ya ce, "Shi ya gama da ke." A cikin buhun atamfa yake tara su, rataye a ƙusa sama da kai. In tsumma ya faɗi ƙasa, ya mutu ke nan, sai ya jefa wa bakaniken da ke maƙwabtaka da mu.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na taɓa kayar da tsumma, na duba ban ga yana kallo ba, na kaɗe shi na ci gaba. Ashe ya gani a jikin gilashi. Bai dake ni ba. Ya karɓi tsumman, ya riƙe ƙeyata, ya goga mini shi a kumatu da ƙarfi sau uku. Na ji yashin yana yanka ta. Ya ce, "Ka ji? Haka ita ma taj ji." Kwana biyu kumatuna na zafi. Ban sake ba, kuma ban manta ba, kuma ba zan ce na gode masa a lokacin ba.

Bai taɓa yaba aikina ba. In na gama, sai ya sa a tura motar rana da tsakar rana, ya zagaya ta yana runtse ido. In ya sami aibu, duk layin gareji sai sun ji. In bai samu ba, sai ya ce, "Kawo buta." Wannan shi ne yabon da na samu cikin shekara ashirin da ɗaya.

Akwai mota ɗaya da ya fi ji da ita. Ta wata malamar makaranta ce da ke koyarwa a Maiyama, Kirista, 'yar kudancin Kaduna. Malama kawai muke ce mata. Motar shuɗiya ce, tsohuwa ƙwarai, ta mijinta ce, wanda ya yi aiki a ofishin ƙaramar hukuma. Shi ya fara kawo ta wurinmu. Fentin jikinta shi ne wanda ta zo da shi daga kamfani, ba a taɓa sake shi ba, kuma mutumin yana alfahari da haka. Da ya rasu, Baffa ya rufe rumfa ya tafi Maiyama ta'aziyya, ya zauna cikin mutanen coci har la'asar. Wasu suka yi ta magana. Ya ce musu, "Wanga mutum bai taɓa jingina da mota ba. Ku hwa?"

Bayan haka Malama ta ci gaba da kawo ta sau ɗaya a shekara, in an yi dogon hutu, kafin ta tuƙa ta zuwa garinsu. Ko sau nawa aka ce ta sake fenti, sai ta ce a'a, hannun maigidanta ya taɓa wannan. Baffa bai taɓa barina na goge ta ba. Wanki kawai nake yi.

Ina da shekara talatin, da mata da 'ya'ya biyu, na je Sakkwato sayen fenti na ga injin gogewa. Abu ne mai mariƙi biyu, da soso mai faɗi a bakinsa yana juyawa. A gabana wani ya gama bonet kafin in shanye shayin da aka ba ni, kuma sheƙin da ya fito ban taɓa ganin irinsa a rumfarmu ba. Har karce-karcen da hannu ba ya iya fitarwa sun ɓace. Na sayi ɗaya da abin da na tara.

Da na buɗe kwalin a gaban Baffa, ya daɗe yana kallonsa.

"Wanga mi ne ne? Na niƙan hatsi?"

Na yi masa bayani. Na ce aikin kwana biyu zai koma na rabin yini, kuma kafaɗarsa da yake kuka da ita za ta huta.

"Shina jin zahi?"

Na ce inji ne, Baffa.

"Shina sanin inda henti yar rage?"

Na fara mayar da shi cikin kwalin.

"To abin da ba shi ji, ba shi sani, ba shi taɓa mota cikin rumfata. Hita da shi."

Na kai shi shagon bakanike na ɓoye. Wata biyu yana can. Nakan gwada shi a kan tsohuwar ƙofar mota da aka yar, in Baffa ya tafi masallaci, har na ga kamar na iya.

Da damina ta yi tsakiya aka yi hutu, Malama ta kawo motarta. Na wanke ta da yamma. Washegari da safe aka aiko daga Fagada cewa ruwa ya kwanta a gonar Baffa, ya hau babur ya tafi, ya ce kada in taɓa komai sai ya dawo. Na tsaya ina kallon motar a inuwa. Ba zan ɓoye abin da ke raina ba. Ba sauƙi nake nema masa ba. So nake ya dawo ya tarar da motar da ya fi ji da ita tana sheƙin da hannunsa bai taɓa ba ta ba, ya zagaya ta da tsakar rana, ya rasa abin cewa.

Ƙofofin sun yi kyau. Wallahi sun yi kyau. Shuɗin ya fito da zurfi kamar ruwan gulbi da safe. Na hau bonet da ƙarfin gwiwa. A kan ƙashin bayansa akwai wani wuri da ya ɗan dushe, sai na danna injin a kai, na tsaya, ina jira ya fito. Ban ƙirga uku ba na ji ƙauri. Da na ɗaga, sai na ga soson ya zama shuɗi, a jikin bonet kuma ga wani wuri kamar tafin hannu, fari-fari, da ɗigon ƙarfe tsirara a tsakiya. Shekara da shekaru Baffa yana lallaɓa wurin nan saboda ya san abin da ya rage bai kai fatar albasa ba. Ni ban sani ba, tun da ban taɓa sa bayan hannuna a kai ba.

Ya dawo bayan la'asar, ƙafarsa duk taɓo. Ya ga ƙofofin. Na ga ya gan su, domin ya ɗan tsaya. Sannan ya iso bonet. Ya sa bayan hannunsa a kan tabon ya bar shi a nan. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya fita bakin hanya ya kira bakanike, da mai facin taya, da masu shayi, da duk wanda ke kusa. Da suka taru ya nuna musu wurin.

"Ku dibi. Shekara ashirin da ɗaya ina ba wanga tuwo. Ga abin da nis samu."

Ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Ubanka ma haka yake, komi nai da gaggawa. Ɗauki injinka, Mai Inji. Kada in ƙara ganin inuwarka nan."

Ambaton mahaifina ne ban iya haɗiyewa ba. Na ce masa, a gaban mutanen nan, shi ba gwani ba ne, tsoho ne mai tsoron abin da bai sani ba, kuma cikin shekara biyu sai ya nemi wanda zai kawo masa keke ya goge ya rasa. Na ɗauki injina na tafi. Ban tsaya na fuskanci Malama ba. Shi na bar wa.

Na buɗe wurina a Aliero, kusa da masu kuɗin albasa. Sunan da ya sa mini ya riga ni isa can, sai na sa aka rubuta shi a allon shago don in ba shi haushi. Mutane suka zo, domin wa zai bar motarsa kwana biyu a Jega alhali zai iya karɓarta kafin azahar?

Baffa bai bar ni ba. A farkon aikina ban iya riƙe injin sosai ba, yana barin wasu siraran zagaye a jikin fenti, kamar saƙar gizo-gizo. A inuwa ba a ganin su, sai rana ta daki motar. Ranar kasuwa Baffa yakan bi wurin da ake ajiye motoci da tsakar rana, yana neman waɗanda suka fito daga hannuna. In ya samu, sai ya tsaya ya jira mai ita, ya ja shi ta hannun riga zuwa inda haske ya faɗo. "Alhaji, zo ka ga gidan gizo-gizon da kas saya. Nawa anka amsa gare ka?" Har Maiyama ya taɓa bin wata mota don ya nuna wa mai ita. Tsoho mai ciwon kafaɗa, a kan babur, don kawai ya kunyata ɗan ƙaninsa.

Ni ma na rama. Na riƙa gaya wa 'yan kasuwa cewa idonsa ya fara mutuwa, hannunsa na rawa, kwana biyun da yake yi rabinsu barci ne. Idonsa lafiya lau yake, na sani. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo wurina. Da na wuce ta Jega a shekara ta huɗu, na hango shi zaune a kan benci ƙarƙashin dalbejiya, rumfar babu mota ko ɗaya, buhun tsummokara na rataye sama da kansa. Ban rage gudu ba. Wannan shi ne abin da Gwaggo take nufi, kuma ba duka ƙarya ta yi ba.

Tun da ta'aziyya nake rubutawa, ya kamata in ce shi ke da gaskiya a kan inji. Ba zan ce ba, domin ba haka na gani ba. Inji a hannun wanda ya iya ya fi hannu fitar da sheƙi, kuma yana ceto fentin da hannu ya gaza. Na koyi rage masa gudu, na koyi kada in tsaya wuri ɗaya, na koyi wanke soso, na koyi manna tef a kan gefuna. Gizo-gizon ya daina fitowa. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: kafin in jona injin, sai na bi motar da bayan hannuna, ido a rufe, kuma gefuna da ƙashin bonet da tsumma nake gama su. Baffa ya yi kuskure a kan inji. A kan ni ne bai yi kuskure ba, a ranar nan.

Da ciwo ya kwantar da shi bana, na je sau biyu. Zuwan farko Yaya ya tare ni a zaure ya ce yana barci, alhali ina jin tarinsa. Zuwa na biyu Yaya ya tafi gona, na shiga. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Na durƙusa na ce, "Baffa, na zo neman gafara." Ya miƙo hannu, na ba shi nawa. Ya juya shi, ya bi tafin da babban yatsansa, a hankali, kamar yadda yake bin fenti.

"Ya yi laushi," in ji shi. Ya sake ni, ya juya fuskarsa bango.

Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinsa. Bayan kwana tara ya rasu.

A rana ta uku ta zaman makoki, wajen hantsi, shuɗiyar mota ta tsaya nesa kaɗan da tabarmi. Na gane ƙarar ta kafin in gan ta. Malama ta fito, ta tsufa, ta yafa mayafi a kanta, ta gaida maza daga nesa ta shiga wurin mata. Na kasa ɗauke idona daga bonet. Tabon yana nan yadda na bar shi. Bai ƙaru ba, bai yi tsatsa ba.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito, riƙe da baƙar leda, sai ta tsaya jikin motar ta yafuto ni. Na ji idon Yaya a bayana har na isa.

Na durƙusa na gaishe ta. Na fara cewa, "Malama, tun shekara bakwai ya kamata in zo…"

"Ya kamata," ta ce. "Na jira ka. Na yi kuka a ranar, ka sani? Ba don fenti ba."

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Tashi, ƙasa da laima."

Ta gaya mini cewa a ranar Baffa ya ce zai sake fesa bonet ɗin kyauta, ta ƙi. Ya ce to aƙalla ya rufe tabon, ta ce in aka rufe, shuɗin ba zai zo ɗaya ba, gara ta riƙa ganin ciwon da ta riƙa ganin faci. Tun daga nan kowace shekara yakan goge motar, ya zagaye wurin, ya cika shi da man kariya don kada ruwa ya kama ƙarfen. A shekaru biyun ƙarshe ita kaɗai ce motar da ke shiga rumfarsa. Bara kwana huɗu ya yi a kanta, yana yi yana hutawa.

"Na zo duba shi sati biyu da suka wuce," ta ce. "Na ce masa, Baba, bana a bar motar, ba sai an goge ba. Ya ce in aka bar ta damina ɗaya wurin nan zai ci. Ya ce in kai ta Aliero."

Na ce, "Wurina?"

"Bari in faɗa maka yadda ya faɗa, kada ka ce na gyara. Ya ce, ki kai ma wancan marar kunyar. Duk ƙasar ga shi kaɗai yas san inda hentin yar rage, tun da shi yaƙ ƙone shi. Amma ki zauna ki tsare shi. In yaj jona injin nan, ki ɗauke motarki."

Na riƙe madubin motar. Na ce, "Malama, ya ce ya yafe mini?"

"Bai ce ba."

"Ko wani abu mai kama da haka?"

"Abin da ya ce na gaya maka. Ba zan ƙara masa magana ba yana cikin ƙasa."

Ta miƙo mini ledar. Ta ce Inna ce ta bayar, da ta ji saƙon. Ana raba tufafin mamacin sadaka, wannan kuwa ba mai karɓa, ta tsufa da yawa. Na buɗe. Farar singiletinsa ce ta aiki, wadda na sani da ɗinkin baƙin zare a kafaɗa, an wanke ta, an yaga ta gida biyu daidai. Ɗaya na shafawa, ɗaya na ɗaukewa.

"Ta ce in gaya maka ba don kai ba ne, don motar ne. Kuma ta ce kada ka shigo tukuna."

Ranar Asabar Malama ta kawo ta Aliero, ta zauna a kujerar roba da jakarta a cinya, tana tsaro na kamar yadda aka umarce ta. Na wanke motar sau biyu, na tura ta inuwa. Wani direba da ke jiran tasa ya ce, "Mai Inji, yau wuta anka ɗauke ko man janareto yaƙ ƙare?" Na ce ya dawo Litinin. Da na bi bonet da bayan hannuna, na ji abin da ban ji ba shekara bakwai da suka wuce. Kewayen tabon ya yi santsi daban da sauran, inda wani ya daɗe yana lallaɓawa. Na ja tsumman a miƙe, bisa tsawon mota. Kafin azahar kafaɗata ta kama wuta, tafin hannuna ya tashi ruwa wuri biyu. Gaskiya ya faɗa, ya yi laushi.

Kwana biyu na yi. A rana ta biyu da tsakar rana muka tura ta rana. Na zagaya ta ina runtse ido. Babu gizo-gizo. Sheƙin bai kai wanda inji zai bayar ba, wannan na sani, kuma ranar Litinin na jona injina na ci gaba da aikin mutane. Malama ta dubi motar, ta dubi tabon, ta ce, "Sai baɗi, in muna da rai." Ta ja ta ta tafi. Na tsaya a wurin ina jiran a ce in kawo buta.

Har yau ban san ko ya yafe mini ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya. Yaya bai buɗe rumfar ba. Inna ba ta aiko in shiga ba. Masu cewa Baffa mai haƙuri ne, su ci gaba da faɗa, ni ban san wannan mutumin ba. Wanda na sani mai zafi ne, mai riƙo, wanda ya ambaci ubana a bakin hanya, wanda kuma bai taɓa mayar wa kowa mota da aikin da ya san bai kai ba. Allah Ya gafarta masa abin da harshensa ya yi, Ya saka masa da abin da hannunsa ya yi, Ya sanyaya makwancinsa. Maganar ubana na yafe masa ita ranar Lahadi, ina kan bonet. Ta kunyata ni a kasuwa kuwa ina kan ƙoƙari.

Tsummokaran biyu na wanke su sun bushe. Na buga ƙusa sama da kaina na rataye su, inda ba za su faɗi ƙasa ba.